TSAKANINMU MATA: GOƊIYA SHIDA A CIKIN INGARMU

  Wannan karon na ajiye maganar girki da kwalliya a gefe, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a Zariya. Ta ce yayanta mayen kallon sukuwa ne, ran nan ta zauna kusa da shi yana kallon wata babbar sukuwar Ingila a talabijin, ta tambaye shi ko mata suna shiga, sai ya kwashe da dariya ya ce ai wannan harkar maza ce zalla, doki namiji, mahayi namiji, mai doki namiji, ita ta tashi ta je ta duba tukunya. Shi ne take tambaya ta, "Anti, wai da gaske ne?"

To ƙanwata, yayanki rabin gaskiya ya faɗa miki, ya sa rabin a aljihu. Gyara zama ki sha labari, in kin gama ki miƙa masa mujallar shi ma ya karanta.

Sukuwar da kuka kalla sunanta Derby, su masu abin Dabi suke cewa. Ana yin ta a farkon watan Yuni a wani gari da ake kira Epsom, kudu da birnin Landan, kuma tun shekarar 1780 ake yin ta ba a taɓa fashi ba, ko a lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu wuri kawai aka sauya mata, aka kai ta garin Newmarket. Nisan mil ɗaya da rabi ne, cikin minti biyu da rabi da 'yan daƙiƙoƙi an gama. Kada ki ɗauka fili ne shimfiɗaɗɗe irin filin sukuwar da muka sani, a'a, da an saki dawakin hawa za su fara, sai sun hau tudu mai tsayin kusan mita 40, sannan su gangaro a guje su sha wata muguwar kwana ta hannun hagu mai suna Tattenham, daga nan su miƙe zuwa ƙarshe. Dawaki 'yan shekara uku kaɗai ake bari su shiga, wato sau ɗaya tak doki zai yi ta a rayuwarsa, kamar dai auren fari, in ya wuce ya wuce.

Abin da yayanki bai sani ba shi ne, ita wannan sukuwar da yake taƙama da ita ƙanwa ce, tana da yaya, kuma yayar ta mata ce. A shekarar 1779 wani basarake mai riƙe da sarautar Derby, shi ne na 12 a gidansu, ya shirya sukuwar goɗiyoyi zalla ya sa mata sunan gidansa na shaƙatawa da ke kusa da Epsom, wato Oaks, goɗiyarsa mai suna Bridget ta cinye. Da daɗi ya kama shi da abokansa sai suka ce to baɗi a ƙara wata wadda maza za su shiga. Labarin da ake bayarwa wai kwabo aka jefa sama tsakaninsa da abokinsa Sir Charles Bunbury don a ga sunan wanda za a sa wa sabuwar sukuwar, kwabo ya faɗo wa Derby. Shi kuwa Bunbury da ya rasa suna sai ya samu kambu, don dokinsa Diomed ne ya ci ta farko ranar 4 ga Mayu, 1780. Sai a 1787 Derby ya ci sukuwar da ke ɗauke da sunansa.

Bari in ɗan yi muku gulma tunda mu kaɗai ne. Waɗannan manyan mutane biyu da suka iya kiwon doki, ba wanda ya iya riƙon mace a cikinsu. Matar Bunbury, Lady Sarah Lennox, wadda sarkin Ingila George na Uku ya taɓa so tana budurwa, ta tsere ta bar shi a 1769. Shi ma Derby tasa matar ta bi wani ta bar masa gida, ya ƙi sakinta don ƙeta har ta mutu a 1797, sannan ya auri wata 'yar wasan kwaikwayo. Ban ce doki ne ya raba su ba, amma dai wadda saurayinta ya fi sanin ranar haihuwar dokinsa ko lambar motarsa a kan ranar da suka fara haɗuwa, sai ta yi tunani.

Labarin da na fi so ku ji da kunnen basira shi ne na shekarar 1867, don da wata marubuciyarmu ce ta rubuta shi a littafi cewa za a yi ta cika ƙari. Akwai wata yarinya 'yar gidan sarauta, Lady Florence Paget, ƙarama ce a jiki amma duk Landan an yarda ba mai kyanta a zamaninta. Aka yi mata baiko da wani saurayi mai arziki da gonaki, Henry Chaplin, aka sa rana, aka ɗinka kayan amarya, kyaututtuka suna ta shigowa. Ashe akwai wani a ƙarƙashin ƙasa, kuma ba bare ba ne, abokin angon ne, shi ma Henry sunansa, mai riƙe da sarautar Hastings, yaro matashi da ya gaji dukiya tun yana ƙarami, ga iya magana ga barkwanci, amma mashayi ne kuma ɗan caca na bugawa a jarida. Ran nan a cikin watan Yuli na 1864, biki saura 'yan kwanaki, Florence ta ce za ta je kanti ta ƙaro sayayyar aure. Aka kai ta wani babban kanti a titin Oxford, ta shiga ta ƙofa ɗaya ta fice ta wata, Hastings yana jiranta, suka zarce coci aka ɗaura musu aure a ranar. Chaplin bawan Allah a takarda ya samu labari.

Tirƙashi! Kun san zafin da namiji yake ji in an yi masa ƙafa, balle a ce aboki ne ya yi, duk gari kuma ana nuna shi da baki. Chaplin bai yi faɗa da kowa ba, sai ya juya ya zuba kuɗinsa da baƙin cikinsa a kan dawaki. Abin mamaki shi Hastings da ya ƙwace matar shi ne ya ɗauki gaba ya ɗora wa kansa, duk inda Chaplin ya sa hannu sai ya sa nasa. A 1865 aka kawo wani dukushi gwanjo, Chaplin ya saye shi a kan gini 1,000, kuɗin zinariya na wancan zamani. Sunan dokin Hermit. Da doki ya girma aka ga alamar zai yi abin kirki a Derby, sai Hastings ya shiga karɓar cacar mutane a kan cewa Hermit ba zai ci ba, duk wanda ya zo da kuɗi ya ce zai ci, sai ya ce na riƙe. Ba wai ya ga aibin dokin ba ne, mai dokin ne ba ya son ya ga ya yi dariya.

Ana saura kamar mako guda a yi sukuwa Hermit ya yi haɓo a wajen atisaye, jini ya yi ta zuba ta hancinsa, labari ya bazu cewa doki ya tashi aiki. Mahayin da aka shirya zai hau shi ma aka sallame shi, aka nemo wani yaro mai suna John Daley. Ranar 22 ga Mayu ta zo da wani irin sanyi, har dusar ƙanƙara ta zuba a lokacin da ba a saba ganinta ba, dawaki 30 suka jeru, Hermit yana cikinsu a takure kamar kazar da ruwa ya daka, ba mai ko kallonsa. Aka sake su. Ana dab da ƙarshe sai ga shi ya ɓullo daga baya ya cim ma wanda ke gaba, mai suna Marksman, ya wuce shi da tsawon wuya kawai. A cikin wannan minti uku Hastings ya yi asarar kimanin fam 120,000, kuɗin da a wancan lokaci za su sayi gari guda. Ya daure ya sauko ya shafa wuyan dokin a gaban jama'a don kada a ga gazawarsa, ya sayar da gandunsa na Sikotilan ya biya bashi, ya koma caca don ya mayar da abin da ya rasa, rami ya ƙara zurfi. A watan Nuwamba na 1868 ya mutu yana ɗan shekara 26, ba lafiya ba dukiya. An ce a kan gadon mutuwarsa ya faɗa cewa nasarar Hermit ce ta fasa masa zuciya, sai dai bai bari an gane ba. Florence ta zama bazawara shekara huɗu da 'yan watanni bayan ta fita ta ƙofar bayan kanti.

Ni dai ban ga laifin yarinya ba don ta ce ba ta son wanda aka sa musu rana, zuciya ba a yi mata dole, kuma mun sha yin wannan maganar a wannan fili. Inda na ga wautarta biyu ne. Ta bari sai da aka kai ga ɗinkin kaya alhali tana da baki tun farko, sannan ta san sarai wanda ta zaɓa ɗan caca ne, duk Landan an sani, ta ɗauka aure zai gyara shi. An ma ce ta yi iyakar ƙoƙarinta ta raba shi da kwalba abin ya faskara. Ƙannena, caca haramun ce a addininmu wannan kowa ya sani, kuma yanzu ba sai saurayi ya je filin sukuwa ba, a cikin wayarsa yake yin ta yana zaune a tabarmar zance kusa da ke. Ki lura da wanda fuskarsa take sauyawa in an ci ƙwallo a wata ƙasar da bai taɓa zuwa ba.

Mu koma kan tambayarki. Ƙofar Derby a buɗe take ga goɗiya, har ma ana rage mata nauyin laba 3 a kan abin da namiji zai ɗauka, sai dai masu dawaki sun fi son su kai matan Oaks inda za su kara da 'yan uwansu. Duk da haka goɗiya shida sun taɓa shiga cikin ingarmu suka bar su da shan ƙura. Ta farko Eleanor ce a 1801, ta wancan Bunbury ɗin dai, sai Blink Bonny a 1857, Shotover a 1882, Signorinetta a 1908, Tagalie a 1912, da Fifinella a 1916. Huɗu daga cikinsu, wato Eleanor da Blink Bonny da Signorinetta da Fifinella, ba su tsaya nan ba, a cikin makon suka koma suka cinye Oaks ɗin ma, sun ci ta maza sun ci ta mata. Tun daga Fifinella ba a sake ba, ko da yake wata mai suna Nobiliary ta zo ta biyu a 1975.

A cikin shidan nan Signorinetta ce 'yar gaban goshina, kuma na san ku ma za ta zama taku in kun ji yadda aka yi aka haife ta. Wani dattijo ne mutumin Italiya, Ginistrelli, ya dawo Newmarket da zama da 'yan dawakinsa kaɗan, shi ne mai su shi ne mai horar da su, Turawan Ingila suna yi masa kallon wani tsoho mai taɓin hankali. Yana da wata goɗiya Signorina wadda yake ji da ita kamar 'yar cikinsa. Tana 'yar shekara biyu, a 1889, sau tara ta yi sukuwa sau tara ta ci, aka yi masa tayin maƙudan kuɗi ya ce ba ta sayarwa ba ce. Da ta bar gudu aka shiga kai ta wajen manyan ingarmu masu tsada don ta haihu, shekara da shekaru abin bai yi albarka ba, sai daga baya ta samu ɗa guda na kirki. To akwai wani doki a unguwar mai suna Chaleureux, ba wani mai daraja ba ne a wajen masu kiwo, gini 9 kacal ake biya a kai masa goɗiya, a lokacin da ake biyan ɗaruruwa a kan manya. Kullum da safe in an fito da shi kilisa ta ƙofar bargar Ginistrelli ake bi, da ya iso sai ya ja ya tsaya ya yi haniniya, ita ma Signorina ta amsa daga ciki, sai an yi da gaske yake wucewa. Tsoho ya yi ta lura da su, ran nan ya ce wa mutane dawakin nan son juna suke yi, kuma shi ba zai raba masoya ba. Aka yi masa dariya har da riƙe ciki, ana cewa ya haɗa 'yar sarki da ɗan talaka. Ya yi kunnen uwar shegu da su ya haɗa su, a 1905 aka haifi Signorinetta, uwar tana da shekara 18, tsohuwa tukuf a lissafin dawaki.

Yarinya ta taso ba wani abin a zo a gani, a shekararta ta farko ta gudu sau ɗaya kawai ta ci. Da ya ce zai sa ta a Derby ta 1908 'yan caca suka yi mata kuɗin raini, wanda ya zuba fam 1 a kanta zai kwashi 100, don sun tabbata ba mai kwasa. Ga shi lambar da aka rataya mata 13 ce, wadda Turawa suke camfawa. Mahayinta William Bullock ya bi da ita a hankali har suka sha kwanar nan, ya sake mata linzami, ta wuce maza 17 ta ba na biyu ratar tsawon doki biyu. Fili ya yi tsit, don kusan ba wanda ya zaɓe ta. Bayan kwana biyu ta dawo ta cinye Oaks, a nan ne fa jama'a suka ɓarke da sowa, Sarki Edward na Bakwai ya aika aka kirawo tsohon nan da ake yi wa dariya, ya kama hannunsa ya fito da shi gaban rumfar sarauta ya nuna shi ga jama'a. Ban ce ku kafa hujja da wannan a gaban Baba ba fa, kada wata ta je ta ce Anti ta ce ko doki an bar shi ya zaɓa. Amma dai an bar shi ɗin.

Shekara biyar bayan wannan aka yi abin da ya sa ko wanda bai damu da doki ba ya san Derby. A lokacin matan Ingila ba su da ikon jefa ƙuri'a, suna ta fafutika ana kama su ana ɗaurewa. A cikinsu akwai wata malamar makaranta, Emily Davison, wadda ta yi karatu a Oxford ta ci jarrabawa da daraja ta ɗaya, amma aka hana ta digiri don a lokacin jami'ar ba ta ba mata. An kama ta sau tara, in ta ƙi cin abinci a kurkuku sai a danne ta a ɗura mata ta tiyo, sau 49 aka yi mata haka. Ranar 4 ga Yuni, 1913 ta je Epsom ta tsaya a bakin kwanar Tattenham, da dawaki suka taho sai ta sunkuya ta ƙarƙashin shinge ta shiga fili, ta tari Anmer, dokin Sarki George na Biyar. Doki ya banke ta ya faɗi da mahayinsa Herbert Jones. Mahayi da doki sun tashi, ita ba ta farfaɗo ba, ta cika bayan kwana huɗu tana da shekara 40. An samu tikitin jirgin ƙasa na komawa gida a tare da ita da tutocin ƙungiyarsu, shi ya sa har gobe ake gardama, wasu suna cewa mutuwa ta je nema, wasu suna cewa tuta kawai ta so ta rataya wa dokin sarki a gaban masu ɗaukar hoto. Ni ba na goyon bayan kowa ya jefa ransa a halaka ko ya jefa na wani, don shi mahayin bai ci ba bai sha ba. Amma ku riƙe cewa mata dubbai ne suka raka gawarta a titunan Landan, a 1918 aka ba matan da suka kai shekara 30 ƙuri'a, a 1928 aka daidaita su da maza. Mu nan Arewa ba mu jefa tamu a babban zaɓen ƙasa ba sai 1979, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha nasu ɗaurin. Wadda ta isa yankar katin zaɓe ta zauna a gida tana cewa rana ta yi zafi, ita da Allah. Wanda ya ci sukuwar ta ran nan kuwa, wani Aboyeur ne, bayan an soke nasarar Craganour da ya riga shi isowa, amma wa yake tunawa da su?

Batun mai doki namiji kuwa, wannan tun 1918 ya faɗi, lokacin da Gainsborough, dokin Lady James Douglas, ya ci a Newmarket. A 1937 ma abin ya fi armashi, na ɗaya Mid-day Sun na wata mata ce Lettice Miller, na biyu Sandsprite shi ma na mace ne, Florence Nagle. Ita wannan Florence ɗin ba irin waccan ta ƙofar kanti ba ce. Ita take horar da dawakinta da kanta, amma hukumar sukuwar Ingila ta ce ba a ba mace lasin horarwa, sai dai a rubuta sunan babban yaron bargarta, ita ta yi wahala shi a kira shi gwani. Ta yi shekara ashirin tana nema ana hana ta, ta gaji ta maka su a kotu, a 1966 suka ba da kai, tana da shekara 71 a duniya. A 2008 kuma New Approach ya ci da tutar Gimbiya Haya 'yar Sarki Husaini na Jodan.

Inda yayanki ya yi gaskiya shi ne wajen mahaya. Ba a bar mata sun fara hawa a sukuwar hukuma a Ingila ba sai 1972, kuma sai 1996 aka samu wadda ta hau a Derby, Alex Greaves, ta zo ta ƙarshe. Hayley Turner ta hau a 2012 ita ma ta zo ta ƙarshe. Kada ki bari ya yi miki dariya da wannan, ki tambaye shi wane irin doki aka ba su, don duka biyun dawakin da ba wanda ya sa wa rai aka ɗora su a kai, kuma ko sarkin mahaya aka ba jaki ba zai riga mai ingarma ba. Har zuwa sukuwar 2025 ba macen da ta ci Derby a kan sirdi, ba kuma wadda ta ci a matsayin mai horarwa. Gurbin yana nan.

Wata kuma da ta nema har ta koma ga Mahaliccinta ba ta samu ba ita ce Sarauniya Elizabeth. Kwana huɗu da naɗa ta, a watan Yuni na 1953, dokinta Aureole ya zo na biyu, wanda ya kayar da shi Pinza ne, mahayinsa Gordon Richards, dattijo ɗan shekara 49 da ya gwada sau 27 bai dace ba sai a na 28. Kowa ya ce ai yarinya ce, tana da lokaci. Ta ci Oaks sau biyu, a 1957 da 1977, ta ci sauran manyan sukuwar ƙasarta, amma Derby ta ƙi ta. A 2011 Carlton House ya zo mata na uku, ta rasu a 2022 bayan shekara 70 a kan gado. Mulki bai saya mata ba, kuɗi ma haka.

Kada mazan su ce na yi musu rowa, ga kaɗan daga nasu. A mahaya ba kamar Lester Piggott, ya fara ci a 1954 yana ɗan shekara 18, ya yi ta ci har sau tara, na ƙarshe a 1983. A masu horarwa Aidan O'Brien na ƙasar Ailan ya ci sau 11 zuwa 2025. Wanda ya fi kowa sauri Workforce ne na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya, a 2010, minti 2 da daƙiƙa 31 da ɗoriya. Larabawan Dubai ma sun sha ci, tun daga Nashwan na Shaihu Hamdan a 1989, kuma ba abin mamaki ba ne, don duk dawakin sukuwar nan in aka bi salsalarsu ta wajen uba a kan ingarmu uku take tsayawa waɗanda aka kai Ingila daga ƙasashen gabas wajen shekara 300 da suka wuce, ɗaya ma daga Halab ta ƙasar Sham aka sayo shi a 1704. Mai ban tausayi a cikinsu Shergar ne, dokin Aga Khan, mai farin goshi da fararen ƙafafu huɗu. A 1981 ya ba na biyu ratar tsawon doki goma, ba a taɓa yin irinta ba, yaro ɗan shekara 19 Walter Swinburn yana kansa. A watan Fabrairu na 1983 wasu mutane da bindigogi suka shiga bargarsa a Ailan da dare suka tafi da shi, suka nemi fansar fam miliyan 2, ba a biya ba, ko ƙashinsa ba a sake gani ba. Ashe satar a nemi fansa har doki ba ta bari ba.

Na ajiye muku wata goɗiya a ƙarshe, wadda ba ta taɓa shiga Derby ba. Sunanta Urban Sea, an haife ta a 1989, ta wasu mutanen Hong Kong ce masu suna Tsui, kuma uwargidan gidan, Ling Tsui, ita ce ta tsaya a kanta ta riƙe ta. A 1993 ta kayar da maza a babbar sukuwar Faransa da ake yi a Faris, sannan ta koma haihuwa. Ɗanta Galileo ya ci Derby a 2001. Shi Galileo 'ya'yansa biyar suka ci bayansa, wancan New Approach na Gimbiya Haya shi ne na farkonsu. Wani ɗan nata, Sea The Stars, shi ma ya haifi Harzand da ya ci a 2016. Kai, in taƙaice muku, daga 2018 zuwa 2025, dawaki takwas a jere, Masar, Anthony Van Dyck, Serpentine, Adayar, Desert Crown, Auguste Rodin, City of Troy da Lambourn, babu ko ɗaya da ba jininta ba, wani jika wani tattaɓa-kunne, wani ta wajen uba wani ta wajen uwa. Ƙanwata, ko wanne yayanki ya yi wa tafi a cikin waɗannan, zuriyar tsohuwa ɗaya ya tafa wa. Ita kuwa ta mutu a watan Maris na 2009 wajen haihuwa, tana da shekara 20, ɗan ya rayu aka ba wata goɗiyar ta shayar da shi. Wata uku bayan nan Sea The Stars ya sha kwanar Tattenham ya cinye Derby.

A fitowa ta gaba za mu koma kan wasiƙun da suka taru a kan maganar lefe, musamman ta baiwar Allah nan da ta ce dangin ango sun kawo akwati uku sun koma da ɗaya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a riƙa rubutu da kyau yadda zan iya karantawa. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Anti